Farar Ƙasar da Ta Ƙone Hannun Yayana

Kawu, sallama a gare ka, da fatan kana lafiya kai da iyali. Don Allah ka taimaka mini da shawara, kuma ka yi haƙuri da tsawon takardar nan. Na yi niyyar taƙaitawa, abin ya ƙi. Na daɗe ina karanta filinka a waya, na kuma taɓa gani ka rubuta cewa kafin ka kama wannan aiki ka yi shekaru kana malamin gona. Shi ya sa na zaɓe ka. Damuwata rabinta ta ƙasa ce, rabinta ta jini, ban san wanda zai iya duba su tare ba sai irinka.

Shekara tara ke nan rabona da gida. Ina aiki a wata gonar gwajin shinkafa a ƙasar da ba tawa ba. Mu huɗu ne a ɗaki, gado a kan gado, takalman shiga ruwa a jere a bakin ƙofa suna wari, taga ɗaya ce kuma bangon sito take kallo. A cikin ukun nan babu mai jin harshena. Yau ranar hutu ce, sun fita yawo, ni na zauna a bakin gado na ɗora takarda a kan murfin akwati.

Bari in fara da abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A gida Dakta ake ce mini. Yayana ne ya laƙaba mini, da farko da zolaya, daga baya sunan ya bi ni, har Inna takan gaya wa baƙi ɗanta likitan ƙasa ne a waje. Gaskiyar magana, Kawu, aikina ɗaukar buhu ne da tankaɗe. Ni nake shiga laka da safe in ɗebo ƙasa daga kowane kwami, in zuba a leda, in manna lamba, in shanya a faranti, in daka, in tankaɗe, in kai ɗakin gwaji in ajiye a gefen tebur. Daga gefen teburin nan ba ni da izinin taɓa komai sai wankin kwalabe. Farar rigar da na ɗauki hoto da ita na aika gida, ta wani ce da ya tafi hutu ya bar ta a rataye. Ban taɓa cewa ni likita ne ba. Amma ban taɓa cewa ba ni ba ne.

Sai dai mai tankaɗe ma yana da ido. Shekara da shekaru ina ganin kwamin da ake ba takin yuriya zalla, ga shi kusa da wanda ake haɗa masa abubuwa: ruɓaɓɓen kashin shanu, karan shinkafa da aka mayar, tokar ɓuntu, takin zamani kaɗan-kaɗan a lokutansa, da wani garin dutse ruwan toka da ake watsawa tun kafin dashe. Na farkon yakan yi kyau shekara ɗaya, biyu, daga nan sai ya fara ja da baya. Na biyun kullum ƙaruwa yake. Shugabar ɗakin gwajin wata dattijuwa ce mai tabarau, ba ta cika magana ba. Wata rana ta ga na tsaya ina kallo, sai ta tsoma wata 'yar takarda a ruwan ƙasa, takardar ta sauya launi, ta ce mini wannan ƙasar tsami ya yi mata yawa, ko an zuba mata abinci ba ta iya miƙa wa shuka. Iyakar karatuna ke nan. Da shi na yi ɓarnar da zan ba ka labari.

Muna da fadama a gida, Baba ya bar mana, ba a raba ba. Yaya ne yake nomanta, da ita yake ciyar da iyalinsa da Inna. Zamanin Baba, in an yi girbi shanunmu ake ɗaurewa a ciki har rani ya ƙare, kara a nan yake ruɓewa, tokar murhun Inna ma a can ake juyewa. Da Baba ya rasu aka raba shanun. Nawa na sayar na yi guzurin wannan tafiya. Na Yaya sun tafi a aikin idon Inna. Tun daga nan babu abin da gonar take gani sai yuriya, karan kuma ko a sayar wa masu dabbobi ko a cinna masa wuta. Kowace shekara Yaya yana ƙara taki, amfani yana raguwa. Na taɓa ce masa ya daina sayar da karan, ya yi dariya har da tari, ya ce 'yan boko a kan takarda suke noma, shi ya sa ba sa cin karo da fari.

Bara ƙanwarmu, wadda ita kaɗai take aiko mini da labarin gida ba tare da buƙata a bayansa ba, ta turo mini hotuna. Ruwan gonar ya yi wani ja-ja kamar tsatsa, da maiƙo yana yawo a sama. Ganyen ya yi ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa tun daga tsini, shukar ta tsugune, ta ƙi yin 'ya'ya. Ta tumɓuko ɗaya ta ɗauki saiwar: baƙa, gajera, kamar tsohuwar tsintsiya. Ina gani na gane. Na sha ganin irinta a nan.

Kawu, ba zan ɓoye maka ba, daɗi na ji. Ba don gonar ta lalace ba, a'a, don a karo na farko sunan ƙaryar nan zai zama gaskiya. Lokacin hutun cin abinci na zagaya bayan sito, na danna waya na yi wa Yaya saƙon murya, ko minti biyu bai kai ba. Na ce masa ƙasar ta yi tsami, shi ne ya kashe ta da yuriya, ya nemo farar ƙasa ya watsa. Har yanzu saƙon yana wayata, nakan saurara in ji muryar kamar ta wani fitsararre da ban sani ba. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba.

Ga inda abin ya karkace. Garin dutsen da muke watsawa a nan yana da sunansa a harshen wurin aiki. Da na zo faɗa da Hausa na laluba, ban sami komai a bakina ba sai farar ƙasa. Ban ce wace iri ba. Ban ce sati uku ko huɗu kafin dashe ake sa ta a haɗe da ƙasa ba. Ban ce nawa ba, don ni ma ban sani ba. Ni dai buhu ake nuna mini in ɗauka. A wurin Yaya kuwa, kamar yadda yake a wurin kowa a gida, farar ƙasa ita ce wadda magina suke shafa wa bango, mai tafasa in ta ji ruwa. Ya tafi shagon kayan gini ya saya. Lokacin ya riga ya yi dashe da kwana goma. Don kada ya yi aiki biyu, sai ya juye ta a babban baho ya gauraya da yuriya, da hannunsa, ba safa ba komai. Ƙanwarmu ta ce warin da ya tashi sai da ya sa kowa a tsakar gida hawaye, amma Yaya ya ce ai magani dama ba ya daɗi. Ya ɗauka ya shiga ruwa, rana tana dukansa, gumi yana zuba, yana watsawa.

Kafin la'asar fatar hannunsa ta fara saɓulewa, haka ƙaurinsa inda ruwa ya tsaya. Sati biyu matarsa ce take ba shi abinci a baki, mutumin da ban taɓa ganin ya nemi a miƙo masa ko buta ba. Bayan kwana uku duk inda ya watsa shukar ta yi rawaya ta bushe, fiye da rabin gonar. Abin da ya ceci sauran shi ne zafin hannu ya hana shi ƙarasawa.

Da na ji na kira shi. A nan ne nake so ka yi mini hukunci da gaskiya. Na ɗauki wayar da niyyar ba da haƙuri, Allah ya sani. Amma da na ji ya ɗauka, sai tsoro ya kama ni, bakina ya riga zuciyata. Na ce wa ya ce ya haɗa da yuriya, na ce duk mai hankali ya san ba a watsa wannan a kan shuka, na ce me ya hana shi tambaya. Ya bar ni na gama tas. Sai ya ce, "Na gode, Dakta." Ya kashe. Wata bakwai ke nan bai sake ɗaukar kirana ba.

Ba wai ni ba ni da abin faɗa ba ne. Ina da shi, har ya yi mini yawa a ciki. Shekara tara ina cikin laka ina gyara ƙasar wasu, gwiwoyina sun fara ƙara in zan miƙe, ban kai arba'in da biyar ba. Auren ƙanwarmu a waya na gani. Duk kiran da ya zo daga gida, in ba nata ba, na san gaisuwa ce gajera da buƙata doguwa. Ba wanda ya taɓa tambaya me nake ci, ko wa yake kai ni asibiti in na kwanta. A wurinsu wanda yake waje ba ya gajiya. Kuma Yaya shekara talatin yana noma, ya sha shafe ɗakuna da farar ƙasar nan, ya san tana cin hannu. Tambaya ɗaya da ya yi da duk wannan bai faru ba. Wani lokaci nakan ce girman kai ne ya hana shi tambayar ƙaninsa. Wani lokaci kuma nakan ce yarda ce, ya ɗauka tunda Dakta ya faɗa an gama.

Kuma in zan yi adalci, shi ne ya zauna. Shi ya yi jinyar Baba, shi yake kai Inna ganin likita, shi yake tashi in rufin ɗakinta ya yi yoyo. Yuriyar da na ce ya kashe gona da ita, ita kaɗai hannunsa yake kaiwa. Karan da yake sayarwa ba don sha'awa ba ne.

Yanzu ga abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto. Masu buga bulo sun shigo yankinmu. Sun riga sun kwashe gonar maƙwabcinmu, ƙanwarmu ta turo mini hoton: rami ne ya fi tsayin mutum, da koren ruwa a ƙasa. Sun yi wa Yaya magana ya sayar musu da ƙasar fadamarmu, ya amsa musu. Ya gaya wa Inna gonar ta mutu, Dakta da bakinsa ya ce ta yi tsami, abin da ya yi tsami kuwa zubarwa ake yi. Ka ji yadda kalmata ta sake cin amanata. Ni ina nufin ciwo mai magani, shi ya ji hukuncin kisa. Da zarar ƙasa ta gama bushewa za su kawo motocinsu, ƙanwarmu ta ce bai fi sati shida ba. Abin da ya tsayar da su kawai shi ne gadon ba a raba ba, sai na yarda. Inna kuwa an ce ta daina bin hanyar da ta ratsa ta gefen fadamar, zagaye take yi, da sandarta.

To Kawu, me zan yi? In na ce ban yarda ba, Yaya zai ce in zo in noma da kaina, kuma yana da gaskiya. In na ajiye aiki na koma, ba za a riƙe mini gurbina ba, kuma ni da ban riƙe fartanya a gonarmu ba shekara tara ban san ko zan iya ba. In na yarda, na sa hannu an haƙe inda Baba ya ƙare ƙarfinsa, saboda kuskuren bakina. Ka gaya mini tsakani da Allah, irin wannan ƙasa tana farfaɗowa a hannun talaka, ko sai a gonar gwaji inda komai da buhunsa? Kuma in faɗa musu ko ni wane ne, ko in bar Inna da abin alfaharinta? Na gaji, Kawu. Kada ka buga sunana.

Ɗanka mai tankaɗe ƙasa, daga nesa.

*

Ɗana,

Na karanta takardarka sau biyu. Zan fara da tambayar da ta fi sauƙi, don ka sami numfashi: gonarku ba ta mutu ba. Ƙasar da tsami ya yi wa yawa tana dawowa, kuma na ga ta dawo a hannun mutanen da ba su da komai sai kwando da haƙuri. Ɓarnar farar ƙasar bara ma shuka ta ci, ba gonar ba. Ramin bulo ne ba ya dawowa. Ka riƙe wannan bambanci, don duk shawarata a kansa take tsaye.

Ka ce in yi maka hukunci, to ga shi. Kuskuren kalma ba babban laifi ba ne, mu da muka yi aikin gona da manoma duk mun taɓa yin irinsa. Laifinka biyu ne: ka ba da rabin magani da muryar mai cikakken sani, sannan da mutum ya ƙone ka tambaye shi hankalinsa. Yayanka ma yana da nasa. Ya yi gaggawa, ya raina maganar kara da ka yi masa tun farko alhali gaskiya ce, kuma bai dace ya amsa wa masu bulo a kan gadon da ba nasa kaɗai ba. Gajiyarka kuma ta gaske ce, ban raina ta ba. Amma ka lura da abin da ka rubuta da hannunka ka wuce: shanun da suke ciyar da gonar nan, rabinsu su suka kai ka inda kake. Ba zargi nake yi ba, tafiya ba laifi ba ce. Ina so ne ka daina cewa shi ya kashe ta. Yunwar gonar nan ku biyu kuka tara mata, ba da mugunta ba.

Saboda haka kada ka fara da maganar ƙasa, kada kuma ka fara da cewa ba ka yarda ba. Tunda ba ya ɗaukar waya, ka yi saƙon murya ka tura wa ƙanwarku ta kai masa, ta ba shi wayar ta fita. Ka gaishe shi gaisuwar ƙane ga wa, cikakkiya. Ka ce kai ka yi kuskuren suna, kai ka ƙi faɗin lokaci da yawa domin ba ka sani ba, kuma abin da ka faɗa masa yana jinya bai dace ba. Kada kalmar amma ta shiga ciki ko sau ɗaya. A cikin saƙon nan ka gaya masa ainihin aikinka. Na san da nauyi, sai dai mutumin da ya ɗauka ƙaninsa na can cikin farar riga yana aiko masa da umarni daban yake jin magana da wanda ya san ƙanin nan ma a laka yake wuni. Inna kuwa kada ka ji tsoro. Iyaye mata sukan san fiye da abin da suke nunawa, kuma ba rigar take so ba.

Ka ba shi kwana biyu ko uku. Sannan ka kawo roƙonka, roƙo, ba iko ba: a dakatar da masu bulo shekara ɗaya, a gwada gyara a kashi ɗaya cikin huɗu na gonar, kai ka ɗauki nauyin kayan da za a sa da ɗan taimakon hannu, shi ya ja ragama. In ka sake kiran sunan ciwon, ka fayyace masa cewa ba irin tsamin abincin da ya lalace ba ne. Ƙasa ce ta gaji har ta kasa narkar da abin da ake ba ta. Na so in ba ka misali da kanwa a tukunya, sai na fasa. Gidanku an riga an sha wuya a kan suna.

Kafin nan akwai aikin da yake gabanka, kuma kana zaune a kan abin da manoma da yawa suke nema ba su samu ba. Ka je wurin dattijuwar nan mai tabarau, ka nuna mata hotunan, ka ba ta labarin yadda ka ba ni. Wadda ta tsaya ta nuna wa mai wankin kwalabe takardar gwaji ba za ta kore ka ba. Kada ka sa a aiko maka da ƙasa, ƙetare iyaka da ita yana da dokoki. A gida za a gwada ta. Ƙanwarku ta nemo malamin gona na yankinku ya je ya gani da idonsa, shi zai faɗi ko ana buƙatar garin dutsen da kuma nawa. A shagon kayan gona ake sayensa, ba na kayan gini ba, kuma a tura wa yayanka hoton buhun. Ana watsa shi makonni kafin dashe a juya da ƙasa, ba ya haɗuwa da yuriya a baho ɗaya ko a mako ɗaya. Warin da ya sa su hawaye ranar nan ƙarfin takin ne yake tashi sama.

Kuma kada ka sake ɗora begenka a kan abu ɗaya, wannan ne ya kayar da ku ku biyun: shi yuriya, kai farar ƙasa. Jan ruwa da maiƙon da ka kwatanta, da ɗigon ganye da baƙar saiwa, sun fi kama da tsatsar ƙarfe da take taruwa a fadamar da ruwa ya daɗe a kwance. Garin dutse kaɗai ba ya maganinta. Ana yanka 'yar magudana a gefen da jan ruwan yake tsattsafowa, a riƙa sakin ruwa lokaci-lokaci ƙasa ta sha iska. Karan bana kada a ƙone, kada a sayar. A tara shi da kashin dabbobi a rami ya ruɓe sosai kafin a kai gona, domin ɗanye a cikin ruwa ƙara cutar yake yi. In babu shanu, akwai awaki da kaji, akwai maƙwabta masu turke da za su karɓi wani abu su ba da taki. Ɓuntun da ake zubarwa a injin casa a ƙona a kwashi tokar. Wurin dashe a sa takin kamfa, wanda yake da abin da yuriya ba ta da shi, ita kuma yuriyar a rage ta a kasa uku, a bi girman shuka. A tambayi malamin gona irin da yake jure wannan ƙasa. In an girbe, a jefa wake ko gyaɗa in da sauran laima. Yawancin wannan, in ka duba, abin da mahaifinku yake yi ne, an ƙara masa awo. Ka faɗa wa yayanka haka, zai fi shiga kunnensa.

Kada ka yi masa alkawarin abin mamaki. Shekarar farko sauƙi za a gani, ba cikar rumbu ba. Gyara irin wannan yakan ɗauki damina biyu ko uku. Kada kuma ka ajiye aikinka cikin zafin rai, gida ba zai amfana da ƙarin baki da ragin hannu ba. In ana ba da hutu, ka nema ya dace da lokacin gyaran ƙasa, ka je ka ɗauki kwando tare da shi ko na sati biyu ne.

Zai yiwu duk da haka ya ce ya gaji. Yana da haƙƙin gajiya, kamar yadda kake da shi. In ya kai ga haka, ka roƙi a ba wani manomi aron gonar maimakon a haƙe ta, ko a sa dattawan dangi su fitar da rabon kowa cikin mutunci, a bar naka da na Inna da na ƙanwarku a rufe. Ka faɗi matsayinka a fili, ba tare da faɗa ba. Amma kada ka kai can sai ka bi ta ƙofar farko, kuma sati shida ba yawa gare shi ba. Saƙon ban haƙurin ya tafi yau, tun kafin 'yan ɗakinku su dawo.

Allah ya huci zuciyar yayanka, ya ba Inna tsawon rai ta ga shinkafa ta sunkuya a fadamar nan, kai kuma ya ba ka lafiya da sauƙin zama a inda kake.

Kawu